ƊAN RUWA KO AMANAR ALLAH? MATSAYIN MUSULUNCI KAN YARAN DA AKE HAIFA DA ƘARAMIN KAI

(Matanin laccar da ɗaya daga cikin malamanmu ya gabatar ga 'yan'uwa maza da mata a wani masallaci da ke Makera, Kaduna ta Kudu, tsakanin Magariba da Isha'i.)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake suranta bayinsa a cikin mahaifa yadda ya so. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan maudu'i shi ne, kwanakin baya wani ɗan'uwa daga cikin mazauna wannan yanki ya same mu da wata mas'ala. Yana auren 'yar baffansa, Allah ya ba su haihuwa huɗu. Ta fari da na uku lafiyarsu ƙalau, amma na biyu da ta huɗu an haife su da kai ɗan ƙarami, goshi a kwance. Babban yau shekararsa shida, yana tafiya, yana wasa, yana gane kowa a gidan, amma maganarsa ba ta wuce kalmomi kaɗan ba. Mahaifiyar wannan bawan Allah da gwaggonninsa sun tsaya kai da fata cewa matar tana da iska, ita ce take kwaso musu 'ya'yan aljanu, don haka ya sallame ta. Wata tsohuwa kuma da aka kai wa maganar ta ce jaririyar ba mutum ba ce, a kai ta bakin kogi da dare a mayar wa masu ita. Shi kuwa abin da ya zo tambaya shi ne, shin in ya saki matar yana da laifi a wurin Allah? Muka ce masa ya dakata tukuna. Amsar da muka ba shi ita ce za mu faɗaɗa a daren nan, domin mun tabbata ba gidansa kaɗai ne wannan jarrabawa ta shiga ba.

CAMFIN ƊAN RUWA

Kowa a nan ya san abin da ake faɗi. In aka haifi yaro da ƙaramin kai, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ko ya kai shekara uku bai zauna ba, sai a ce ɗan ruwa ne. Wai uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru tana da ciki, ko ta yi wanka a rafi, sai aljanu suka musanya mata ɗa. Wai kuma in aka ajiye shi a bakin ruwa aka juya baya, zai rikiɗa ya zama maciji ya shige. Mu da kogin Kaduna ya ratsa garinmu, wannan magana ba tatsuniyar nesa ba ce a gare mu.

Mu Musulmi ne, mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da sunansu. Amma muna ƙalubalantar duk mai wannan da'awa ya kawo mana aya ɗaya, ko hadisi ɗaya ingantacce, da ya nuna cewa aljani yana cire ɗa daga cikin mace ya sa nasa. Babu. Ragowar maguzanci ne da bori aka shigo da shi cikin gidajen Musulmi, irin abubuwan da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yaƙa da alƙalaminsa shekaru sama da ɗari biyu da suka wuce. Wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu, Imamu Muslim ya ruwaito cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Wanda kuwa ya ɗauki jariri mai rai ya ajiye shi a bakin ruwa ya tafi, to ya kashe rai, kuma Suratut Takwir ta ba mu labarin ranar da za a tambayi yarinyar da aka binne da rai a kan wane laifi aka kashe ta. Ba macijin da ya shige ruwa, ɗan Adam ne sanyi da yunwa da igiyar ruwa suka halaka.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN MAHAIFA

To, in ba aljani ba ne, mene ne? A Suratul Hajji da Suratul Mu'uminun Allah ya jero mana matakan halittar mutum a cikin mahaifa, mataki bayan mataki. A farkon Suratul Insan kuma ya nuna cewa asalin mutum ɗigon ruwa ne gaurayayye, wanda malaman tafsiri suka fassara da haɗuwar ruwan namiji da na mace. Ke nan ɗa rabon mutum biyu ne tun daga tushensa.

Abin da likitoci suka gano ya zo ya yi sharhin wannan. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar ƙwayar akwai wasu zare-zare guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. A jikin waɗannan zare-zare ne Allah ya jera ƙwayoyin gado, abin da Larabawan zamani suke kira muwarrisat, kimanin 20,000, kowace da umarnin da take ɗauke da shi: wannan ta launin fata, wannan ta jini, wannan ta ginin ƙashi. An kammala babban aikin karanta su a shekarar 2003.

Ɗaya daga cikinsu ana kiranta ASPM, tana kan zare na ɗaya. Sunanta yana da alaƙa da mazari, kuma mutanen Kakuri da Makera, waɗanda iyayensu suka ci abinci a masaƙu tun daga buɗe ta farko a 1957, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan mazari da zare. Ƙwaƙwalwar jariri tana fara ginuwa tun a watan farko na ciki. Ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka ake ta yi har a tara abin da ya kai kimanin biliyan 86 na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a kan baligi. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu, sai wani abu mai siffar mazari ya tsaya a tsakiyarta ya ja zare-zaren nan, rabi nan, rabi can. Aikin ASPM shi ne daidaita tsayuwar wannan mazari a cikin ƙwayoyin da suke haifar da ƙwaƙwalwa. In ta sami tangarɗa, sai waɗannan ƙwayoyi su daina hayayyafa da wuri, ƙwaƙwalwar ta fito da siffarta amma ƙarama, wani lokaci kamar kashi ɗaya bisa uku na yadda aka saba. Ƙoƙon kai kuwa girman ƙwaƙwalwa yake bi, shi ya sa kan ya kan fito ƙarami. Lafiyayyen jariri kewayen kansa ya kan kai santimita 34 zuwa 35 ranar haihuwa, na waɗannan yara kuwa ya kan gaza haka sosai.

A shekarar 2002 ne wasu masana a Jami'ar Lids ta Ingila, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Habad ta Amurka, suka tabbatar da wannan, bayan sun bincika jinin wasu zuriyoyi 'yan asalin arewacin Pakistan. Daga baya an gano wasu ƙwayoyin gado sama da 20 masu jawo irin wannan lalura, amma ASPM ce ta fi kowace yawa. Yaran da abin ya shafa galibi suna tafiya, suna ji, suna gani, suna koyon ƙananan ayyuka, sai dai magana da fahimta su kan yi nauyi.

LAIFIN WA?

Nan ne muke son iyayenmu mata da ke bayan labule su saurara da kyau. Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na wannan ƙwayar gado, ɗaya daga ubansa, ɗaya daga uwarsa. Misalinsa kamar almajiri ne da yake da kundi biyu na littafi ɗaya, rubutun hannu. In tawada ta ɓata layi a ɗaya, sai ya duba ɗayan ya gyara, karatunsa bai tsaya ba. Haka mai ɗauke da kwafi ɗaya mai tangarɗa yake, lafiyarsa ƙalau, har ya mutu bai san yana ɗauke da kome ba. Lalurar ba ta bayyana sai yaro ya karɓi mai tangarɗa daga uba, ya kuma karɓi mai tangarɗa daga uwa. In iyaye biyu duk suna ɗauke da ita, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai lalurar, uku cikin huɗu a haifi lafiyayye. Kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa wani gida za a sami biyu a jere, wani gidan kuma ba a samu ko ɗaya ba.

Saboda haka in lalurar ta gado ce irin wannan, mijin da ya nuna matarsa da yatsa ya sani rabin abin daga jikinsa ya fito. Surukar da take cewa a kori yarinya ta sani mai yiwuwa ne ta hanyarta ko ta hanyar mijinta abin ya biyo. Kuma babu mai laifi a cikinsu duka, domin ba wanda ya zaɓi abin da zai gada.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani balaraben ƙauye da ya zo wa Manzon Allah (S.A.W.) yana shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai launin toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan launi ya zo, shi da kansa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Sai Annabi ya nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, bai kuma yi masa izinin kore yaron ba. Ku duba, ya 'yan'uwa: da ilimin gado Manzon Allah ya kare mutuncin mace, ya tsare nasabar yaro, ya hana gida rushewa.

DARASI DAGA PAKISTAN

Mun ambaci Pakistan, kuma akwai izina a can. A garin Gujrat na lardin Punjab akwai kabarin wani bawan Allah mai suna Shah Daula, wanda ya rasu a ƙarni na 17 na Miladiyya. An daɗe mata marasa haihuwa suna zuwa wurin suna roƙo, da imanin cewa ɗan fari zai zo da ƙaramin kai, kuma na mai kabarin ne, dole a kawo shi a bar shi. Mutane suka laƙaba wa waɗannan yara suna ɓeraye, wasu suka riƙa yawon bara da su gari gari. Alhali a arewacin wannan ƙasa, inda auren dangi ya yi yawa, ana ƙiyasta cewa ana haihuwar yaro ɗaya mai wannan lalura ta gado a cikin kowane 10,000. Su sun ce na waliyyi ne, mu mun ce na aljanin ruwa ne. Sakamakon ɗaya ne: an raba yaro da uwarsa da sunan abin da Allah bai saukar da hujja a kansa ba. Haka bidi'a da camfi suke, ba sa tsayawa a ɓata aƙida, sai sun taɓa raunana.

AUREN ZUMUNCI

Yanzu sai mas'alar da muka san wasu suna jira. Shin muna cewa auren zumunci haramun ne? A'uzu billahi. Allah ya jero matan da aka haramta a Suratun Nisa'i, babu 'yar baffa ko 'yar kawu a ciki, kuma a Suratul Ahzab ya ambace su cikin waɗanda ya halatta. Manzon Allah ya auri Nana Zainab bintu Jahshin, 'yar gwaggonsa, ya kuma aurar da Nana Faɗima ga Sayyidina Aliyu (R.A.). Ba wanda ya isa ya haramta abin da Allah ya halatta. Maganar nan kuma da ake yaɗawa da sunan hadisi, mai umarni da a auri bare don kada zuriya ta raunana, malaman hadisi irin su Ibnus Salah sun ce ba su sami asali abin dogaro gare ta ba. Ba za mu jingina wa Annabi abin da bai tabbata daga gare shi ba don mu ƙarfafa hujjarmu.

Amma halal daban, wajibi daban. Malamai da yawa na mazhabar Shafi'i da ta Hambali, cikinsu har da Imamu Gazali da Ibnu Ƙudama, sun fi son mutum ya auri wadda ba danginsa na kusa ba, kuma lafiyar zuriya tana cikin dalilansu. Lissafin likitoci ya zo daidai da wannan. 'Ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya bisa takwas na ƙwayoyin gadonsu, domin kundinsu daga na kaka ɗaya aka kwafo. In akwai ɓataccen layi a na kakan, ana iya samunsa a duka biyun. Wani bincike da aka yi a birnin Biradfod na Ingila a kan jarirai sama da 11,000, aka buga a 2013, ya nuna cewa haɗarin haihuwar yaro da nakasa ya tashi daga kimanin 3 cikin 100 zuwa kimanin 6 cikin 100 a auren 'ya'yan wa da ƙani. Adalci shi ne mu karanta alƙaluman ta fuska biyu: haɗarin ya ninka, amma kuma 94 cikin 100 lafiya aka haife su. Saboda haka masu auren zumunci a cikinmu kada hankalinsu ya tashi.

Nasiharmu tana kan zuriyar da aka riga aka ga lalurar a cikinta, ko wadda aka yi tuwona maina kaka da kakanni, ba a taɓa shigo da bare ba. Irin wannan gida, hikima ita ce a faɗaɗa. Uba kuma ba shi da haƙƙin ya tilasta wa 'yarsa auren ɗan ɗan'uwansa don kada dukiya ta fita waje. In wani ya ce ai kome ƙaddara ce, sai mu tuna masa da Sayyidina Umar (R.A.) lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba. Da aka ce masa yana gudun ƙaddarar Allah, sai ya bayyana cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

BA KOWACE LALURA CE TA GADO BA

Kada kuma mu fita daga wani kuskure mu faɗa wani. Da yawan yaran da ake kira 'yan ruwa a unguwanninmu ba gado ne ya taɓa ƙwaƙwalwarsu ba. Doguwar naƙuda a gida har jariri ya rasa numfashi, shawarar jarirai da aka tsaya ana ba ta jiƙo, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ƙarancin abinci mai gina jiki ga mai ciki, duk suna yin wannan ɓarna. A Barazil, cikin 2015 da 2016, cutar Zika da sauro ke yaɗawa ta sa an haifi dubban jarirai da ƙaramin kai. A Zamfara a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar wasu da yawa. Likita ne kaɗai zai iya rarrabe wannan da wancan.

Akwai kuma cutar gado da ta fi kowace yawa a cikinmu, wato sikila ko amosanin jini, wadda ake gadonta ta wannan hanya ta ɗaya cikin huɗu. Ita ma tana taɓa ƙwaƙwalwa: in ba a ɗauki mataki ba, kimanin yaro ɗaya cikin goma masu SS ya kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Wani bincike da aka yi a asibitocin Kano da Asibitin Barau Dikko na nan Kaduna, aka buga a 2022, ya nuna cewa ana iya gano yaran da ke cikin wannan haɗari da na'ura, a kuma kare su da magani mai sauƙi. Saudiyya ta wajabta gwajin sikila kafin aure tun 2004, jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Sai dai a lura, gwajin AA da AS ba ya nuna tangarɗar ASPM. A nan abin dogaro na farko shi ne tarihin zuriya, wato a tambaya, a kuma faɗi gaskiya.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, mu cire kalmar ɗan ruwa daga bakinmu. Yaron nan ɗan Adam ne, Musulmi ne, a raɗa masa suna, a yanka masa rago, yana da gadonsa cikakke, in ya rasu a yi masa salla. Wanda hankalinsa bai cika ba an ɗauke masa alƙalami, mu ne ba a ɗauke wa ba a kansa. A farkon Suratun Nisa'i Allah ya yi umarni da a ciyar da masu raunin hankali, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Bahaushe ma ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na biyu, a kai su asibiti da wuri. Gaskiya ita ce har yau babu maganin da ke ƙara girman ƙwaƙwalwar da ta riga ta ginu, duk wanda ya karɓi kuɗinku da wannan alkawari ya cuce ku. Amma akwai maganin farfaɗiya in ta haɗu da lalurar, akwai gashin jiki da koyar da magana, kuma yaron da aka fara horarwa da wuri ya kan iya ciyar da kansa, ya yi tsarki, ya taya aikin gida. Ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya nan Barnawa, ba sai mun ƙetare gada ba. Mu daina kiransa asibitin mahaukata, domin wannan suna ya hana mutane da yawa zuwa. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a kuwa a ci gaba da yi, ba sa karo da magani.

Na uku, mazaje su bar matansu su je awon ciki, su haihu a hannun ƙwararru. Ga Asibitin Gwamna Awan nan Kakuri. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a makon farko, a garzaya da shi a ranar.

Na huɗu, waliyyai da masu ɗaura aure su riƙa tambayar sakamakon gwaji da tarihin lafiyar zuriya, cikin sirri da mutuntawa. Ɓoye aibin da aka sani ha'inci ne, tallata shi a unguwa kuma cin naman ɗan'uwa ne.

Na biyar, makarantunmu na Islamiyya su buɗe ƙofa ga waɗannan yara, ko Fatiha kaɗai za su iya riƙewa. Kwamitocin zakka da 'yan agaji su san gidajensu. 'Yan'uwa mata masu da'awa su riƙa ziyartar uwayensu, domin akwai matar da ta shekara biyar ba ta je suna ko biki ba saboda kunyar abin da ba laifinta ba.

Shi kuwa ɗan'uwan da ya kawo mana tambaya, mun gaya masa saki halal ne a asalinsa, amma sakin mace a kan tuhumar ƙarya zalunci ne, kuma Allah zai tambaye shi. Mun ce ya kai yaran asibiti, shi da matarsa su zauna da likita su ji matsayinsu game da haihuwa ta gaba, ya kuma tausasa harshe wajen fahimtar da mahaifiyarsa, domin rashin sani ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, ba ƙiyayya ba. Muna roƙon ku sa wannan gida a addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba iyayen da ya jarraba haƙuri da lada, ya tsare zuriyarmu, ya tsarkake aƙidarmu daga shirka da camfi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki daga gare mu ne, muna neman gafararsa.